Wankan Matsirga: Jaruntaka ko Ganganci?

Ƙasar Karaye da Rogo ba ƙasar manyan duwatsu ba ce. Wanda ke son ganin ruwa yana faɗowa daga bisa da rugugi kamar aradu, sai ya nausa kudu, ya je Matsirga kusa da Kafanchan, ko Gurara cikin Jihar Neja, ko Asob a kan hanyar Jos. Amma duk da haka akwai ƙoramu da yawa a yammacin Kano waɗanda ke malala cikin kogin Chalawa. A wasu wurare ƙorama takan tarar da falalen dutse ya tare mata hanya, sai ta zubo ta kansa, tsayin mutum ɗaya ko biyu, ta haƙa gurbi mai zurfi a ƙarƙashi. Irin wannan wuri shi ake kira matsirga, don ruwan tsirgowa yake yi.

Da tsakar damina ruwan nan ja ne, yana tafe da itace da yayi, ba mai kusantarsa sai mahaukaci. In kaka ta yi sai ya kwanta, ya yi garau, ya yi sanyi ƙarara, musamman da safe bayan iskar hunturu ta fara busowa. A wannan lokaci ne samari kan haɗu uku ko huɗu, su taka mil ɗaya ko biyu daga gari, su tuɓe su faɗa. Su komo gida leɓɓansu sun yi fari, haƙora na kaɗawa, suna ta dariya. Dattawa kuwa in sun ji labari sai su girgiza kai. Wani ya ce zaman banza ne ya yi musu yawa. Wani ya ce wanda ya kai kansa ga halaka shi ya so. Samarin su ce kwana in bai ƙare ba ruwa ba ya cin kowa.

To, ga magana uku, kowace kuwa da ɗan abin kamawa cikinta. Ya kamata a zauna a duba su da hankali, gama batun ya wuce wanka. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce: shin ya halatta ga mutum ya sa ransa cikin hatsari don jin daɗi kawai, ba don neman abinci ko ceton wani ba? In ya halatta, ina iyakarsa?

Tuhumar zaman banza ita ce mafi sauƙin amsawa. Bahaushe ya ba kowace tafiya sunanta. Akwai fatauci, akwai cin rani, akwai neman ilmi, akwai ziyara da zumunci, akwai zuwa gona da zuwa kasuwa. Tafiyar da ba ta shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, sunanta gantali. Wannan tsanani yana da dalili, gama mutanen da abincinsu na shekara ya rataya ga aikin wata huɗu ba su da ranar zubarwa. Saurayin da ya bar gona ana tsakar noman firi ya tafi wanka, ya cancanci duk abin da ubansa ya faɗa masa.

Amma fa ba kullum ne damina ba. Bahaushen nan da ya ƙi gantali shi ne kuma ya ce rai dangin goro ne, sai da ban iska. Malamai sun ruwaito labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su. Salmanu ya kai wa ɗan'uwansa ziyara, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya manta da iyalinsa da jikinsa, sai ya gargaɗe shi cewa jiki ma yana da hakki a kan mai shi, iyali ma haka. Da maganar ta kai ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. In har ibada ba ta zama hujjar hana jiki hutu ba, ina ga noma da tireda?

Sa'an nan ita kanta tafiyar ba fanko ba ce. Wanda ya bar gari da hantsi ya bi turbar gona cikin watan Nuwamba, zai ratsa dawa ta sunkuyar da kai, ya wuce inda aka tsibe gyaɗa, ya gangara fadama ya tarar da rake ya fi shi tsayi, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi. Zai ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kowace a inda take so, giginya kuwa ta bi layin ruwa kamar an jera ta. Balbela na bin shanun Fulani, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya yana gadin kifi. Tun bai ga matsirgar ba zai fara jin motsinta, iska kuma ta sake, ta yi danshi. Mutumin da ya yi wata shida bai ɗaga kai daga kan kunya ko kan teburin ɗinki ba, in ya ga waɗannan ya ce “Tsarki ya tabbata ga Mahalicci”, ai bai yi asarar yininsa ba. Yaron da ya taka wannan hanya kuwa ya san ƙasarsa fiye da wanda ya ƙare ranar a gindin bishiya yana karta.

Saboda haka tafiyar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne faɗawar.

Kafin a yanke hukunci a kan hatsari sai an san hatsarin, gama alƙali ba ya hukunci a kan abin da ba a bayyana masa ba. Likitoci sun bincika abin da ke faruwa ga jikin ɗan Adam in ya faɗa ruwa mai sanyi farat ɗaya. Zafin jikin mutum awo 37 ne a ma'aunin zafi, ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska mai irin sanyinsa wajen ninki 25. Da zarar sanyin ya bugi fata, sai mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da nufinsa ba, kamar wanda aka razana. In kansa yana cikin ruwa a wannan lokaci, to, ruwa ya shaƙa. Daga nan sai numfashi ya riƙa fita da sauri-sauri, zuciya ta yi ta bugawa, har wajen minti ɗaya ko biyu kafin jiki ya natsu. Wanda ya wuce wannan kuma ya daɗe a ciki, sai hannuwa da ƙafafu su fara mutuwa, ya ga gaɓa kusa amma ya kasa kai kansa. Gaskiya ne ruwan ƙasar Hausa ba ya kai na Turai sanyi. Amma gurbin da dutse ya rufe, rana ba ta taɓa shi, da safiyar hunturu, ya isa ya ɗauke numfashin wanda ya taho da gudu yana gumi.

Ita matsirga tana da nata makirci dabam. Ruwan da ya faɗo daga bisa yakan nutsa ƙasa, ya taso, ya komo baya wajen dutsen, ya yi ta juyawa a wuri ɗaya. Abin da ya shiga wannan juyi, ko kututture ne, yakan yi ta nutso yana tasowa bai fita ba. Farin kumfan nan kuma da ke ba wurin kyau, rabinsa iska ne, ba ya ɗaukar nauyin mutum kamar ruwa sosai, sai gwanin iyo ya yi ta buga hannu yana jin kamar ba abin da yake dafawa. Ga gansakuka a kan dutse mai santsi kamar kuɓewa. Ga shi gurbin da aka sani bara ba lalle shi ne na bana ba, don ambaliya takan mirgino dutse ko itace ta ajiye a ƙasa inda ido ba ya gani. A farkon kaka ma, ana iya yin ruwa can nesa a sama, nan kuwa rana na haske, sai a ga ƙorama ta cika cikin ƙiftawar ido. Duk abin nan da aka faɗa game da matsirga, haka yake ga mafitar ruwan madatsa, har ma ya fi, don can ruwan ya fi yawa, bangon kuma sumul yake ba wurin kamawa.

Kada a ce ai wannan na marasa iya iyo ne. A shekarar 1875 wani Baturen Ingila, Kyaftin Matiyu Web, ya ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo, ya yi kusan awa 22 cikin ruwa. Kafin shi ba wanda ya taɓa yin haka da ƙarfin jikinsa kaɗai. Sunansa ya cika duniya. Bayan shekara takwas, a 1883, tauraronsa ya fara dusashewa, sai ya ɗauki alkawarin zai ratsa guguwar ruwan da ke ƙarƙashin babbar matsirgar Nayagara, a kan iyakar Amurka da Kanada. Masu sanin wurin suka gargaɗe shi, bai ji ba. Ya shiga, mutane na kallo, ruwa ya haɗiye shi, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyu. In da iya iyo na hana nutsewa, da wannan mutum ya mutu a kan gadonsa.

Yanzu sai a komo ga hujjar samari, cewa in kwana bai ƙare ba ruwa ba ya cin kowa. Maganar gaskiya ce, ba Musulmin da zai musa ta. Amma gaskiya ce da aka ɗora mata kayan da ba nata ba. Sanin ranar mutuwa na Allah ne, bai ba kowa ba. Abin da ya ba ɗan Adam shi ne hankali da umurni, cikin umurnin kuwa, a Suratul Baƙara, akwai hani ga mutum ya jefa kansa cikin halaka da hannunsa. An san kuma labarin Balaraben da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Sayyidina Umaru ma, da yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Ba wanda zai ce Umaru matsoraci ne, ko kuwa imaninsa bai kai na samarin ƙauye ba.

Abin dariya ma, shi saurayin da ke wannan wa'azi a bakin gurbi, in ya komo gida yakan ɗaure akuyarsa, ya kulle kekensa, ya sa kuɗinsa a aljihun ciki. Bai taɓa cewa in rabon ɓarawo ne sai ya ɗauka ba. Tawakkalinsa bai tashi ba sai a kan abu ɗaya, watau ransa, wanda shi ne kaɗai in ya tafi ba a sayo wani a kasuwar Karaye.

Dattijon da ya ce “shi ya so”, shi ma bai faɗi daidai ba. Cikin maganarsa akwai zaton cewa ran mutum nasa ne shi kaɗai, in ya ga dama ya ɓarar. Ba haka ba ne. Rai amana ne a wurin mai ɗauke da shi, akwai kuma masu bin sa bashi. Uwar da ta yi goyo tana bi, uban da ya tsufa yana jiran mai karɓar fartanya yana bi, matar aure da jaririnta suna bi. Har mutanen gari suna bi, don su ne za su bar aikinsu su kwana a bakin ruwa da fitila da gora suna lalube. Saurayi yakan ga shi kaɗai ya tuɓe riga, alhali kuwa gida guda ya ɗauka ya faɗa da shi.

To, tun da haka ne, me zai hana a hana abin gaba ɗaya a huta? Haka iyaye da yawa suke yi, kakanni ma haka suka yi. Sukan ce wa yaro akwai 'yan ruwa a gurbin nan, masu dogon gashi, suna jan ƙafar wanda ya shiga. Mai yiwuwa ne wanda ya fara faɗin haka ya ga juyin ruwan nan ya riƙe wani, bai sami sunan da zai ba shi ba sai wannan. Tatsuniyar ta yi aiki a kan yaro ɗan shekara biyar. Amma ranar da ya kai goma sha biyu ya ga abokinsa ya shiga ya fito ba abin da ya ja shi, sai ya yar da tatsuniyar, ya yar da gargaɗin tare da ita. Daga nan sai ya riƙa zuwa a ɓoye, da tsakar rana, lokacin da ba babba ko ɗaya a kusa. Hanin bai raba shi da ruwa ba, ya dai raba shi da mai koya masa.

Ga kuma wani abu da kakanni ba su sani ba. A zamaninsu Chalawa kogin damina ne, da rani yashi ne ake tona shi a sami na sha. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Chalawa a ƙasar Karaye, bangonta ya kai mita 42 a tsayi, tsawonsa kuwa kusan kilomita 8. Ban da waɗannan akwai Kusalla nan kusa da Karaye, da Watari a Bagwai, da wasu da yawa. Aka wayi gari manoman tudu, waɗanda iyayensu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, suna zaune a bakin tafki mai kama da teku, har wani ƙauye ba a zuwa kasuwa daga cikinsa sai da kwalekwale. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare Watari zuwa Bagwai, an cika shi fiye da kima, yawancin na ciki ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. Jirgin ya kife, mutum fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waɗannan yara ba wasa ya kai su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wannan shekara ta 2021 mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya, yara da samari kuwa su ne kaso mai yawa. Jama'ar da ruwa ya zo ya same ta har ƙofar gida, ba ta da ikon cewa ba ruwanta da ruwa.

Shi ya sa aka ruwaito Sayyidina Umaru ya aika wa mutanen garuruwa su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi da hawan doki. Dukan ukun nan akwai hatsari cikin koyonsu, doki ma yana kayarwa ya karya wuya. Bai ce a guje su ba. Wanda ya je Argungu lokacin bikin kamun kifi ya ga yadda 'ya'yan Kabawa ke wasa a ruwa kamar agwagi, kada ya zaci rashin tsoro ne. Ɗan masunci ya fi kowa tsoron ruwa, sai dai tsoronsa na sani ne. An fara sa shi a inda ruwa ke iya cinya, an ba shi gora ya rungume, an nuna masa inda ake shiga da inda ko Sarkin Ruwa ba ya shiga. Turawan nan ma da ake ba da labarin suna tseren iyo da safiyar Kirsimati a wani tafki cikin birnin Landan, al'adar da suka fara tun 1864, ba kowa ake bari ya shiga ba sai ɗan ƙungiyar da ya saba da ruwan, ya bi shi sannu-sannu tun yana da ɗumi har ya yi sanyi.

Ashe ke nan mutum biyu suna iya tsayawa a kan dutse ɗaya, su faɗa gurbi ɗaya, aikin ɗaya ya zama halal na ɗayan ya zama ganganci. Na farko ya iya iyo, ya zauna gumi ya bushe, ya sa sanda ya auna zurfi, ya shiga da ƙafa sannu har numfashinsa ya daidaita, ya nisanci inda ruwan ke faɗowa, ga abokinsa a gaɓa yana kallonsa. Hatsarin da ya rage masa bai fi na mai hawan giginya ko mai tuƙa babur zuwa Rogo ba, ba kuwa a taɓa rayuwa ba tare da irin wannan ba. Daɗin da ya samu, jinin jikinsa ya motsa, gajiyar wata guda ta sauka, nasa ne, ba mai tuhumarsa. Na biyu bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya sani kawai ana kallonsa.

Wannan kallo shi ne asalin ɓarnar, ya kamata a daɗe a kansa. Da wuya a sami yaron da ya je matsirga shi kaɗai ya hau can ƙololuwa ya tsirgo. Sai an taru. Ɗaya ya faɗa, na biyu ya faɗa, na uku ya tsaya yana duban ruwa, ƙafarsa na rawa. Jikinsa ya gaya masa gaskiya, jiki kuwa magayi ne. Sai a fara: “Kai, matsoraci! Ashe mace ce muka zo da ita. Koma gida ka yi wa inna daka.” Ba a taɓa shi da hannu ba. Amma a shekarun nan na samartaka, dariyar abokai ta fi mutuwa ban tsoro, don ita ana ganinta, mutuwa kuwa ba a gani. Sai ya rufe ido ya faɗa. Abin da mutane suka kira jaruntaka a nan, tsoro ne ya kori tsoro, ƙaramin ya kori babban. A yanzu ma abin ya daɗa muni, tun da kowane saurayi yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, masu kallon ba su tsaya ga mutum huɗu na bakin gurbi ba.

In yaron nan bai fito ba, wa ya kashe shi? A gari za a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a a watse. Ba alƙalin da zai kama masu dariya. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, kamar mai haƙa rami a kan hanyar jama'a wani ya faɗa, ba su kuwa wanke na biyun ba. In ramin da aka haƙa da magirbi yana jawo wa mai shi alhaki, da wuya a ce wanda aka haƙa da harshe ba ya jawo kome. Su kansu masu dariyar sun sani. Akan ga irinsu sun girma sun yi furfura, ba su ƙara bin wannan hanya ba, in an ambaci sunan marigayin sai su sunkuyar da kai.

Yaron kuwa da ya ce “Ni ban iya ba, ba ni shiga”, ya zauna a kan dutse yana tsaron riguna ana yi masa ele, ya yi abin da ya fi tsirgowa wuya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Abin takaici ne da ba a yi wa irinsa kirari, gama ba a ganin abin da ya yi, sai abin da ya ƙi yi. Uba mai hankali in ya ji labarin ɗansa ya yi haka, ya kamata ya yaba masa a gaban 'yan'uwansa, sa'an nan ya nemi wanda zai koya masa iyo, don kada ya zauna tsaron riguna har abada.

Akwai wani hakki kuma da masu wanka kan manta, watau hakkin ruwan da na waɗanda ke ƙasa da su. Ƙorama ba ta tsaya a matsirga ba, ta wuce inda mata ke ɗiba, da inda Fulani ke shayarwa, da inda masu lambu ke ban ruwa. Annabi ya hana yin fitsari cikin ruwa mai tsayuwa, an kuwa ga hikimar wannan a fili. A 1851 wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya yana aiki a Alƙahira. Daga baya aka gane hanyarta: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyawar gaɓa, ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. A ƙauyuka da dama har an ɗauka jini a fitsarin yaro alamar balaga ce, don kusan kowane yaro yana yi. Ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, maganinsa kuwa ƙwaya ce da ake samu a asibiti. Wanda ke da shi ya shiga ruwan jama'a ya saki fitsari, ya cuci mutanen da bai taɓa gani ba. Haka kuma wanda ya tuɓe tsirara a kusa da mashayar mata, ya hana su ɗiban ruwa har sai ya gama jin daɗinsa.

Saura wuri ɗaya inda kowa ya yarda faɗawa ruwa abin yabo ne, watau ceton wanda ke nutsewa. Nan kam ba wasa ba ne, ba kuma don idon mutane ba, Alƙur'ani ma ya kwatanta mai raya rai ɗaya da wanda ya raya mutane duka. Duk da haka sau da yawa akan ji an fitar da gawa biyu a gurbi ɗaya, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi. Mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa, abin da ya kama ya kama ke nan, ko wuyan ɗan'uwansa ne sai ya danna shi ƙasa don ya sami numfashi ɗaya. Shi ya sa masunta ba su zuwa masa ta gaba. In da hali ma ba su shiga, sai su kwanta rub da ciki a gaɓa su miƙa masa gora ko dogon kara, ko su kwance rawani su jefa masa bakinsa, ko su wurga masa jarka wofi mai murfi ya rungume. In ba makawa sai an shiga, wanda ya iya ne ke shiga, ya zagaya ta bayansa, da wani abu mai yawo a hannu. Wanda bai iya iyo ba, aikinsa ya yi kururuwa ya ruga gari ya kira mutane, ko da zuciyarsa na ce masa ya faɗa.